An Yi Odar Ƙura Daga Turai

Ranar Talatar nan, da furfurata da ciwon gwiwata, na yi awa ɗaya da rabi ina rarrafe a falon Yayana da tocila a hannu. Ba zinari ne ya faɗi ba, ba kuma ƙwayar maganin hawan jini ba. Wata 'yar roba ce da ba ta kai rabin tsinken ashana ba, ta yi tsalle daga bakin matsefata ta shige kafet. Yaya na tsaye a kaina da tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana ba da oda kamar kwamandan bataliya: "Kada wanda ya motsa! Kai, leƙa ƙarƙashin kujera. A hankali mana, kada ka hure ta da numfashi." Ni da aka kira a waya aka ce in zo maza akwai matsala, na baro tuwona da zafinsa, ina ta salati a hanya, na zaci jikin tsohuwarmu ne.

Kun dai san irin su Yaya. Mutum ya yi wa gwamnati bauta shekara 35, ya ajiye aiki, ana sa ran ya sayi tumaki biyu ya ɗaure, ko ya lizimci sahun gaba a masallaci. Shi Yaya sai ɗansa da ke karatu a Ingila ya aiko masa da tsarabar kwali mai hoton tankar yaƙi, wai don Baba ya rage zaman shiru. Allah ya saka wa yaron nan, amma ba zan ce da me ba.

A gaskiya yaron ya yi hankali, ƙarama ya aiko, ta 'yan koyo, wadda sarƙarta ta zo a haɗe kamar bel, ka zagaye tayoyi da ita ka wuce wurin. Yaya ko ledar bai yage ba, ya ce shi ba sa'an yara ba ne. Ai mu nan ba a fara abu daga ƙasa. Wanda ya koyi tuƙi jiya, yau farashin tirela yake tambaya. Ya kwana uku yana latsa waya, ya fito da hukunci: Tiger zai haɗa, ta Jamus, kuma irin wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, mai lamba 131, wadda har yau take gidan tarihin tankoki na Bovington, ita kaɗai ce a irinta da injinta ke tashi. Duk karatun nan a kaina aka sauke shi, ni da gaisuwa kawai ta kai ni. "Ka san duka-duka waɗanda aka ƙera daga 1942 zuwa 1944 ba su kai 1,400 ba? Amurkawa kuwa Sherman kusan 50,000 suka zubo." Na ce, "To Yaya, me ya hana ka haɗa Sherman ɗin, tunda masu ita suka ci yaƙin?" Ya yi min kallon da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi.

Jamusawan da suka zana motar nan, ban san wa ya ɓata musu rai ba. Taya 24 a kowane gefe, an cusa wasu a bayan wasu kamar fasinjojin motar kasuwar ƙauye. Su kansu masu ita sun ɗanɗana kuɗarsu: in ta ciki ta lalace sai an kwance na waje da dama kafin a kai gare ta, a Rasha kuma laka kan shiga tsakaninsu ta daskare cikin dare, gari ya waye tanka ta ƙi motsi. Wahalar da sojoji suka sha bisa dole, ita Yaya ya sa kuɗin fanshonsa ya saya. Taya 48, kowace sai an kankare ta da reza, an goge da samfefa, an zagaye bakinta da baƙin fenti da burushin da gashinsa bai fi uku ba. Fiye da rabinsu in an gama ba mai sake ganinsu sai Allah. Na faɗa masa haka, ya ce, "Ni ai na san suna nan." Sai sarƙa: gaɓa 96 a dama, 96 a hagu, kowace ita kaɗai, a ɗauko da matsefata, a ɗiga mata gam, a jera. Gam ɗin ma ba irin na mai gyaran takalmi ba ne, wani ruwa ne da ke narka robar ta haɗe da 'yar'uwarta, in hannu ya goce shatin yatsanka ya zauna a jikin tanka har abada. An sako 'yan rarar gaɓoɓi a kwalin, kafet ya cinye su tun makon farko. Ana buƙatar 192. Tun ranar Talata 191 ke ƙasa.

A jikin kwalin an rubuta 1/35, wato an rage tankar sau 35, wadda tsawonta har bakin igwa ya haura mita 8 ta dawo santimita 24, tsawon silifas. Na ɗauka wasu manyan masana lissafi ne suka yi zama suka fitar da 35 ɗin. Ashe a 1961 kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan, wanda da katako ya fara sana'a, ya yi tankar wasa ƙirar Panther mai tafiya da batir, aka yi mata ciki daidai yadda batura biyu za su shige, da aka auna daga baya sai ta faɗa a ɗaya bisa 35. Shi ke nan duniya ta bi. Yaya ya fi son nasa bayanin, wai shekarun aikinsa ne.

Duk wannan na haƙura. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. To shi Yaya ba kura ya saya ba, ƙura ya saya.

Ina tsaka da rarrafe na ɗaga kai na hango wata 'yar kwalba a kan tebur, kamar ta kwalli, cike da gari ruwan ƙasa. Na ce, "Yaya, wannan fa, maganin basir ne?" Ya ce in ajiye kafin in yi masa asara, ƙura ce. Wai a ƙa'idar masu wannan harka, in ka gama tanka tsaf tana ƙyalli ba ka yi komai ba, sai ka tsufar da ita: ka zana mata tsatsa, ka ɗiɗɗiga mata tabon mai, ka kankare fentin da ka wahala ka shafa, sannan ka barbaɗe ta da ƙura don ta yi kamar ta sha hanya. Ƙurar ma kala-kala ce, akwai ta Turai, akwai ta Rasha, tasa kuwa an rubuta mata suna, ƙurar Arewacin Afirka. A Sifen aka haɗa ta. Ta bi ta Ingila, ta hau jirgi, ta sauka a Legas, aka biya mata kuɗin dako, ta iso Kano a watan Janairu.

A Janairu fa, jama'a! A Kano! Lokacin da in ka wanke mota da asuba, kafin ka dawo daga sayen ƙosai yara sun rubuta sunayensu a gilashi. Lokacin da jirage ke fasa sauka saboda hazo. Ko mai dakon gishiri zuwa Bilma ya fi wannan dabara. Kuma tamu ba ƙaramar ƙura ba ce, tana da asali. Daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wurin da ba a san inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya ba, har takan ƙetare Tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon ta zama taki. Ƙurar da Brazil ke mora, ita ke shigo mana ta taga kyauta, ba kwastan ba dillali, a hanci, a miya, a cikin kunne. Na ce, "Yaya, ka ɗora tankar nan a kan katanga daga la'asar zuwa magariba mana." Ya ce tamu ba ta dace da ma'auni ba, ƙwayarta ta yi girma, ba 1/35 ba ce. Wato sai an rage wa ƙurar Kano girma sau 35 kafin ta cancanci hawa teburinsa.

Don haka yanzu tagogin falo a rufe suke ruf, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, an haramta fanka, an haramta tsintsiya, tankar kuma an kifa mata sabon kwanon silba, duk don kada ƙurar gida ta ɓata ƙurar waje. Matar Yaya ta tare ni a ƙofar kicin, ta ce, "Baffan yara, shekara talatin ina yaƙi da ƙura a gidan nan ban taɓa jin sannu ba. Yau ga ta an kawo min ita a kwalba kamar kishiya, har da ɗakinta."

Na yi dariya, amma akwai abin da bai ba ni dariya ba. Da gaɓar nan ta ɓace, Autan Yaya aka fara tuhuma, ɗan shekara tara, har da juye masa aljihu. Yaron nan a makon jiya ya samo kara a bayan layi, ya fere, ya yi tirela da hannunsa, har da ƙofa mai buɗewa da tayoyin tsohon silifas. Ba kwali, ba takarda mai zane, ba wanda ya ce masa lamba kaza ta shiga lamba kaza. Me aka ce masa? Ya cika gida da shara, ya je ya ɗauki littafi. Aka sa ƙafa aka ture ta gefe. Kuma wa ya ture? Mutumin da na sani da motar langa-langa a unguwarmu, har layi muke yi mu taɓa sitiyarinta. In da kara aka yi, shirme ne. In ya zo a kwali da rubutun ƙasar waje, ya zama nazarin tarihi. Wani ya auna, wani ya yanka, wani ya zana maka inda za ka manna, kai naka ɗiga gam, amma kai ne injiniya, yaron da ya ƙirƙiro tasa shi ne mai ɓata gida. Sannan da yamma a zauna a majalisa ana jimamin ko allura ba ma ƙerawa.

Majalisar ma ai abin nema ya samu. Tun da labarin tankar ya fita, teburin mai shayin layin ya koma hedikwatar tsaro. Mutanen da tankar da suka sani ita ce ta kai ruwa, yau su ke musu a kan launin da Jamusawa suka shafa a Tunisiya. Wani ya ce ruwan ƙasa, wani ya ce da ɗan kore-kore, kowa ya zaro waya yana nuna hujja, hotunan kuma duk baƙi da fari ne. Wani dattijo ya ce mahaifinsa ya je yaƙin Burma, a gidansu aka san yaƙi, don haka kore ne. Aka ce masa ai a Burma Japanawa aka yaƙa cikin daji, ina ruwansu da Tiger. Ya ce yaƙi dai ai yaƙi ne. Mai shayi ya ce shi a biya shi na jiya. Yanzu 'yan kore ba sa zama benci ɗaya da 'yan ruwan ƙasa, na ji ma ana batun zuwa gaban mai unguwa.

Ranar dai ba mu ga gaɓar ba. Yaya ya ce zai sa yaron ya nemo masa wata a Ingila, ƙwaya ɗaya tak, a sako a ambulan. Na fito na nufi masallaci don isha'i. Ina alwala na ɗaga ƙafa zan wanke, sai ga ta maƙale a cikin fason dugadugina. Yau kwananta huɗu a aljihuna. Na nuna wa Auta a ɓoye, ya jujjuya ta, ya ce, "Baffa, wannan ai kafin magariba zan fere irinta da kara." Na ce ya fere goma, mu ga ko Yaya zai gane.