Masu Neman Maganin Ciwon Agara

Daga Yelwa zuwa Wara, in ka ga ƙato ya fito masallacin asuba yana ɗingishi, sai hantsi ya yi ƙafar ta saki, to agara ce, jijiyar nan ta bayan dunduniya. Ciwon ɗaya ne, masu shi ne kowa da halinsa.

Akwai Likitan Waya. Ya ƙarar da data a TikTok da Facebook, ya haddace sunan ciwon da Turanci, har ya fara duba wasu a majalisa. Tasa ƙafar kuwa tana nan yadda take.

Akwai Aminin Mai Kemis. "Malam, haɗo min mai ƙarfi." Diclofenac safe da yamma, har gyambon ciki ya zo taya agara zama. In ka ce masa allurar sitiroyid a jijiyar, ko ƙwaya irin ciprofloxacin, na iya sa ta tsinke, sai ya ce ba a jikinka take ba.

Akwai Na Wanzami. An kafa ƙaho, an yi tsaga, an shafe da man kaɗanya. Yanzu dunduniyarsa ta fi fuskar kakansa zane.

Akwai Mai Zargi. Shekara ashirin yana saɓa buhun albasa daga kwale-kwale zuwa tudu da silifas, amma ya rantse wani abu ya taka a ƙofar gida, kuma ya san wanda ya binne.

Akwai Jarumi. Da yamma ƙwallo, ga shirin tseren kwale-kwale na Rigata. "Baba, ai zafin yana tafiya in jiki ya ɗumama." Washegari da sanda yake zuwa shago.

Akwai Sai Dala. Bai taɓa leƙa asibitin Yauri ba, amma kullum yana lissafin kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wai tiyata kawai.

Duk su shida abu ɗaya suke gudu. Tun 1998 wani likita a Suwidin, Alfredson, ya nuna hanyar: ka tsaya bakin dakali da yatsu, ka sauke dunduniya a hankali, sau 15, zagaye uku, safe da yamma, har mako 12. Babu allura, babu kwalba, babu kuɗi. Da za a sa masa farashi a kasuwar Yauri, da tuni an yi layi.