Haƙƙin Mallaka a Allon Majigi

Hoto ko rubutu yana samun kariyar doka tun ranar da aka ƙirƙire shi, ko da ba a yi masa rajista ba. Haka Yarjejeniyar Berne ta tanada, kuma Najeriya na cikinta. Sai dai a ɗakin lacca akwai wata doka da ta girme ta: duk abin da Google ya nuno, tsintuwa ce.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yi wa koyarwa sassauci. Malami na iya ɗibar kaɗan daga aikin wani don ya ba da misali, ya kuma ambaci mai shi. A kan kalmar "kaɗan" ne malamai suka yi saɓani. Wasu na ganin babi uku bai kai a tayar da jijiyar wuya ba.

Ambaton ma yana da nasa salo. Akan rubuta "Daga intanet" a ƙasan hoto, kamar wanda aka kama da akuya ya ce a gari ya same ta. Wani hoton yakan fito a allo da tambarin mai shi kwance a tsakiya, kamar shaidar da ake yi wa shanu.

A Najeriya, littafi yakan zama na kowa shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Malamin da zai yi lacca gobe ba shi da wannan haƙurin.

A shafin ƙarshe na PowerPoint ɗin malamin kuwa, akwai gargaɗi da jan rubutu: duk ɗalibin da ya kwafi aikin wani, sifiri ne makinsa.