Taku Biyar Sun Isa Ka San Ɗan Ces

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a New York a 2024, aka ture darar gargajiya gefe a gindin darbejiyarmu ta Yelwa, nan Jalingo. Ni kuwa na lura taku biyar na farko sun isa su tona halin mutum.

Akwai Malam Hadda. Ya haddace buɗin Sisiliya daga YouTube, taku goma sha biyar tiryan-tiryan. Ko ba ka tambaya ba zai sanar da kai cewa Ruy Lopez limamin coci ne a Sifen, ya fitar da littafinsa a 1561. Amma tura wani sojan gefe da babu shi a bidiyon ka gani. Sai ya dafe kai, ya ce, "Malam, ai wannan kuskure ne." Kuskuren nan naka shi zai cinye masa doki.

Sai Ma'aikacin Gwamnati, mai buɗin Landan. Ko me ka buga, jerinsa ɗaya ne, kamar mai sa hannu a rajistar sakatariya. Fatansa a yi canjaras a tashi.

Ɗan Keke kuwa sarauniya yake fitarwa a taku na biyu, wai zai kashe sarki a na huɗu. Sau ɗaya dabarar ta taɓa ci, a kan ƙaninsa ɗan firamare.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Alhaji Maki. Magnus Carlsen ya kai maki 2882 a jadawalin FIDE a 2014, kowa na iya dubawa. Na Alhaji kuwa a waya yake, wayar kuma kullum babu caji. A gasa, abin da ka taɓa shi za ka motsa. Alhaji zai ɗaga doki, ya hango ramin da ke gabansa, ya mayar, ya rantse ƙura yake goge masa.

'Yan kallo fa? Kofin shayin Mambila a hannu, suna ta "Kai, da ka ci!", alhali rabinsu sun ɗauka soja na komawa da baya.

Af, jiya da la'asar dabarar Ɗan Keke ta ci a karo na biyu, kuma ni ne a gabansa. Don Allah kada maganar nan ta tsallake Mayo Gwoi.