Allah Ya Ja Zamanin Masanan Majalisa

Potiskum gari ne na waɗanda suka san darajar kaya. Dillali a kasuwar shanu ranar Laraba zai dubi sa sau ɗaya, ya dafa tozonsa, ya faɗi kuɗinsa, kuma da wuya ya kauce. Irin wannan ido Allah ya ba masanan wasanni na majalisunmu, waɗanda ke zama kan benci gaban mai shayi bayan isha'i. Su sun ma zarce dillali, don ba sa bukatar ganin kaya kafin su yi masa kuɗi. Tuni suka yanke hukunci cewa ƙwallon kwandon mata ba gasa ba ce, tsalle-tsalle ne kawai, gasa tana wajen maza. Ni kuwa na zo in tabbatar da gaskiyarsu, ko masu hassada sa yi shiru.

Mu fara da maza, tunda su ne manya. D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, sun ci kofin Afirka sau ɗaya, a Tunisiya a 2015, ranar da suka doke Angola. Sau ɗaya tak, kuma nan ne hikimar take: abu mai daraja ba a yawaita shi. Matan fa? D'Tigress sun ɗauka a 2003 da 2005, suka ɗan sarara, sannan suka dawo da rashin ta-ido: Bamako 2017, Dakar 2019, Yawunde 2021, Kigali 2023, Abijan 2025. Biyar a jere, bakwai jimilla. Rabon da a doke su a wannan gasa tun 2015. Wannan ai zarin ci ne. Mace mai tarbiyya ta je gidan mutane a Dakar, ta doke masu gida a gaban iyayensu, ta naɗe kofi ta taho? Ina kunyar da aka san 'ya'ya mata da ita?

A nan ne basirar majalisa ke burge ni. Idan ka kawo wannan lissafi, babban masani zai kurɓi shayi, ya ajiye kofi a hankali, ya ce, "To ka gani, Malam? Ai shi ne muke faɗa. Ƙasa ɗaya ke ta ci, ina gasa a nan?" Da a ce sun yi ta shan kashi, da ya ce, "Dama mata ina suka iya?" In sun ci, babu gasa, in an ci su, babu iyawa. Wanda ya gina hujja mai ƙofa biyu irin wannan, kowace ka bi ka faɗo hannunsa, ya cancanci a naɗa masa rawani. Kada wani ya ɗaga masa hankali da cewa a Abijan sai da Senegal ta kai su bango a wasan kusa da na ƙarshe kafin su tsira da maki bakwai. Bai kalla ba, kuma rashin kallon ne ke tsare masa tsarkin ra'ayi.

Maza kuwa kowane kaye nasu shaida ce ta tsananin gasa. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta ci su 156 da 73. Tazarar maki 83! Ko a nan sun shiga tarihi, kuma ba kowa ke shiga tarihi ba. Gaskiya ne a 2021 sun rama, sun doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, aka yi ta murna, kuma murnar ta halatta. Wasan sada zumunci ne dai. Da aka je Olamfik ta Tokyo inda ake rubuta sakamako, sai suka yi wasa uku suka ba da ukun, saboda karamci. Paris kuma a 2024 ba su je ba sam, suka bar wa ƙannensu mata wahalar hanya.

Su kuma matan da suka je, maimakon su gaisa da mutane su dawo, sai suka doke Ostareliya 75 da 62, ƙasar da ta ƙare da lambar tagulla a gasar. Suka ƙara da Kanada 79 da 70. Suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ce ta tsayar da su, 88 da 74. Mai horar da su, Rena Wakama, ita ma mace, aka ce ita ce gwarzuwar masu horarwa a gasar. Masanan majalisa na da amsa: "Akwai wadda ta yi danki?" Shi ke nan, magana ta ƙare. Kwandon dai tsayinsa ɗaya ga kowa, ƙafa goma, kuma wanda ya rataya a jikin ƙarfe ya girgiza allo maki biyu ake rubuta masa, daidai da wadda ta lallaɓa ta jefa. Amma wa ke ta maki? A wajen masani, wasa shi ne wanda ya fito a bidiyon daƙiƙa goma a waya.

Ba majalisa kaɗai ta cancanci jinjina ba. Hukumomin wasanni ma sun yi iya ƙoƙarinsu wajen koya wa yaran nan ladabi. A 2021, bayan kofi na uku a jere, sai da 'yan wasan suka fito a bidiyo suna neman alawus da ladan da aka riƙe musu. Tarbiyya ke nan, kada kuɗi ya lalata su. A watan Mayun 2022, da rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Manyan maza ke rigima kan kujera, sai aka hukunta matan da suka riga suka sami gurbi a gasar kofin duniya ta Sidni. Aka miƙa wa Mali gurbin. Bayan 'yan makonni, da aikin gama ya gama, sai aka janye janyewar. A Paris ma, ranar bikin buɗewa, jirgin ruwan tawagar Najeriya ya tashi babu su, wai ya cika. An kyauta, ruwa ake yi ranar, da sun yi mura. A 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa kowace alkawarin dala dubu ɗari da gida da lambar girma, abin da ya tayar wa masananmu hankali matuƙa, don ba su taɓa jin zafin kuɗin gwamnati ba sai ranar.

Mu nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Zariya ta raini Masai Ujiri har ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, Kano Pillars ta sha cin kofin ƙasa na maza. Potiskum na da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, ga dogayen yara a kowace unguwa. Idan namiji ya yi tsawo, sai a ce, "Kai, wannan ɗan kwando ne." Idan mace ce, sai gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni, wannan zanƙaleliya wa zai kwasa?" Da wannan kalma ɗaya mun kare 'ya'yanmu daga haɗarin ɗaukar kofi, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Saura ƙiris aiki ya cika. Kofin Abijan ya ba matan tikitin gasar duniya ta 2026 a Balin ta Jamus. Ina roƙon masu gidajen kallo na Potiskum, don girman zumunci, duk ranar da D'Tigress ke wasa ku bar tasha a kan maimaicin Firimiya. Masananmu dattawa ne masu mutunci, bai kamata a tilasta musu ganin abin da suka riga suka yanke wa hukunci ba.