Masu Cewa Ziyarar Polan Yawon Shan Iska Ce, Ku Matso Kusa

To, masu taɓe baki, na ji ku. Tun da aka fara zancen ayarin 'yan Katolika da ke tara kuɗi a kai su ƙasar Polan ziyarar ibada, fada a gaba, ɗan jagora da 'yar tutarsa, doguwar mota tana jira a bakin otal, kuka ce ai yawon buɗe ido ne aka yafa wa mayafin addini. Wani ma cewa ya yi: in ba Rum ba, in ba Kudus ba, me aka ajiye a ƙasa mai sanyin tsiya wadda ko sunanta babu a Littafi Mai Tsarki? Malam, gyara zama. Hajiya, ke ma da kike ƙunshe dariya, ban manta da ke ba.

Bari in fara ba ku naku. E, ana ciye-ciye. A Wadowice, garin da aka haifi Karol Wojtyla a 1920, wanda ya zama Fafaroma John Paul na Biyu a 1978, da wuya maziyarci ya fito daga gidan haihuwarsa bai zarce shagon kek ba. Shi Fafaroman ne ya ja: da ya je garin a 1999 sai ya tuna wa taro wani kek mai madara, kremowka, da suke ci da abokansa bayan jarrabawar gama sakandare. Masu gasa kek na garin har yau suna cin albarkacin wannan 'yar hira. Ana kuma sayayya, daga carbi da kyandir har hotunan rataye a falo. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin Malam Aminu Kano ya ga jakunkunan alhazanmu ya san tsaraba ba ta taɓa soke ibadar kowa ba. Wannan hujjar a mayar da ita aljihu. Shi kuwa mutumin Wadowice ba baƙonmu ba ne. A Fabrairun 1982 ya sauka Kaduna, ya naɗa sababbin limaman coci a gaban dubban jama'a, kuma dattawan da suka sha ranar nan suna nan da ransu. In yau jikokinsu sun ce za su je su ga inda ya fito, ai ramuwar gayya ce irin ta zumunci.

Yanzu mu je Czestochowa, inda maganarku za ta fara tangal-tangal. A kan wani tudu mai suna Jasna Gora akwai gidan ibada da aka kafa a 1382, aka ɗauko masu hidimarsa daga Hangari. A ciki ne ake ajiye hoton Maryamu riƙe da Yesu yana jariri, mai duhun fuska, da tabon sara biyu a kumatun dama, tun daga harin da wasu 'yan fashi suka kai a 1430. Hoton a rufe yake kwana, a bayan wani marfin azurfa. Da ƙarfe shida na safe ake ɗaga marfin da busar ƙaho. Ka ji ko, Malam? Shida na safe, a ƙasar da sanyi kan daskarar da ruwa a famfo. Wane ɗan yawon shan iska ne zai bar bargo a wannan lokaci? Mutane kan zagaya bayan bagaden da rarrafe bisa gwiwoyinsu, bango kuma cike da sandunan guragu da 'yan kyaututtukan waɗanda suka ce an amsa musu addu'a. Ko ka yarda da hakan ko ba ka yarda ba, wannan tsakaninka da zuciyarka, amma gwiwa a kan dutse ba ta wasan kwaikwayo.

Abin da ya sa wurin ya fi ƙarfin ɗakin addu'a kawai shi ne tarihi. A 1655 sojojin Suwidin suka mamaye kusan duk ƙasar, suka yi wa tudun nan ƙawanya, suka gaji suka tafi ba su ci shi ba. Shekara na zagayowa Sarki Jan Kazimierz ya ayyana Maryamu a matsayin Sarauniyar Polan. Daga 1795 zuwa 1918 Rasha da Furusiya da Austiriya suka raba ƙasar kamar ba ta taɓa wanzuwa ba, babu sarki, babu tuta, sai coci da harshe. Na fi son labarin zamanin kwaminisanci. An yi kwafin hoton ana zagayawa da shi coci-coci, sai a 1966, shekarar da ake bikin cika shekara 1,000 da baftismar sarkinsu Mieszko na Ɗaya, hukuma ta ƙwace hoton ta tsare shi. Gwamnati mai tankoki ta kama hoto! Mutanen kuwa suka ɗauki firam ɗinsa fayau, babu komai a ciki, suka ci gaba da zagaye da shi har 1972, jama'a suna durƙusawa. In wannan ne kuke kira yawon shan iska, to iskar tana da nauyi.

Wani zai ce, ai su 'yan ayari a mota suke zuwa. Gaskiya ne. Amma in sun dace da watan Agusta, ta tagar motar za su ga masu tafiya a ƙasa daga Warsaw, sama da kilomita 200, fiye da mako guda a hanya, don su riski wani biki da ake yi a tudun ranar 15 ga wata. Tun 1711 ake yin haka. Kunya kaɗai ta isa ta sa na cikin mota ya zaro carbinsa.

Su ma ɗin ba su tsira ba, domin akwai ramin gishiri na Wieliczka kusa da Krakow. Matakala wajen 380 ake fara sauka kafin a ce an iso, sannan a ci gaba har ɗakin sujada na Kinga, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa, wanda mahaƙa suka sassaƙa daga gishiri, bagade da bango da daɓe duka. Baba mai ciwon gwiwa da ya ɗauka hutu ya zo, a nan yake fara tambayar fada ko an sa wannan a cikin lada. A gefen birnin kuma akwai Lagiewniki, inda kabarin Sista Faustina Kowalska yake, wadda ta rasu a 1938. Duk wanda yake da maƙwabcin Katolika da ke tsayar da aiki ƙarfe uku na yamma don addu'ar neman jinƙai, to ga asalinta nan.

Akwai zango ɗaya da ba na zolaya a kansa. A sansanin Auschwitz 'yan Nazi sun kashe mutum kimanin miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa. Ayarin Katolika kan tsaya a gini na 11, a bakin ɗakin da aka kulle Fada Maximilian Kolbe. An zaɓi mutum goma da za a kashe da yunwa saboda wani fursuna ya tsere, ɗayansu ya fashe da kuka yana kiran matarsa da 'ya'yansa, Kolbe ya fito ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Ranar 14 ga Agusta 1941 aka ƙarasa shi da allurar guba. Mutumin da ya fansa, Franciszek Gajowniczek, ya rayu har 1995.

Sauran kai, Alhaji, da ka ce duk wannan bai shafe ka ba. A dandalin Krakow, kowace sa'a mai busa ƙaho kan leƙo daga hasumiyar cocin Maryamu ya busa, sai ya katse a tsakiya. Almarar garin ta ce kibiyar mayaƙan Tatar ce ta tsaga maƙogwaron wani mai gadi yana cikin gargaɗi. Daga baya wasu Tatar ɗin, Musulmi, suka zama mahayan dawakin sarakunan Polan, har Sarki Jan Sobieski ya ba su filaye a 1679. Masallatansu na katako suna nan tsaye a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, can gabas, ana kuma sallah a ciki. Motar 'yan ayari ba ta bi ta nan, sai dai ka kama taka hanyar. Ka dai riƙa tambaya kafin ka kai loma, don naman alade ya yi yawa a tukunyarsu. Ranar Juma'a ce kawai za ka ɗan saki jiki kusa da 'yan Katolika, su ma kifi suke nema.

In kun gama musun kun yanke shawarar bin ayari, bizar Shengen za ku nema, kuɗin ƙasar kuma zuloti ne, kada wani ya cika aljihu da yuro ya je yana faɗa da mai shagon kek. Hajiya, takalmin nan mai tsini a bar shi a gida, titunan Krakow na dutse ne. Kai kuma Malam, tunda ka ce hutu ne, mun sa sunanka a sahun farko na masu sauka ramin gishiri.