Wasiƙa Zuwa ga Littafin Fada Tempels

Ya kai ɗan littafi,

Na daɗe ina son mu yi magana. Ba ka da kauri, a zama biyu mutum zai gama da kai, amma tun da aka buga ka da Faransanci a Elisabethville ta ƙasar Kwango a 1945, masana ba su daina jayayya a kanka ba. Sunanka Falsafar Bantu. Marubucinka, Placide Tempels, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam da ya zauna cikin al'ummar Luba a yankin Katanga, ya koyi harshensu, ya saurari zantukansu.

Zan fara da ba ka haƙƙinka. A lokacin da ka fito, maganar masanin falsafar Jamus, Hegel, cewa Afirka ba ta cikin tarihi tana nan da ƙarfinta a makarantun Turai. Sai ga ka kana cewa waɗannan mutane suna da tsararren tunani a kan samuwa: a wurinsu kowane abu ƙarfi ne, ƙarfin rayuwa mai ƙaruwa da raguwa, daga Ubangiji zuwa kakanni, zuwa rayayyu, zuwa dabba da tsiro. Shi ya sa Alioune Diop na Senegal ya sake buga ka a Faris a 1949, kuma malamai irin su Alexis Kagame na Ruwanda da John Mbiti na Kenya suka bi ta ƙofar da ka buɗe.

Sai dai akwai wani wuri a cikinka da har yau yake ƙona mini rai. Ka nuna cewa Bantu ba za su iya tsara falsafar tasu da kansu ba, Bature ne zai tsara musu, su kuma idan sun ji su amsa da cewa haka ne. Babinka na ƙarshe ma ya fito fili: ana son a fahimci mutanen ne don aikin wayar da su ya yi sauƙi. Marubuci Aimé Césaire bai yi kuskure ba da ya lura cewa kana yabon tunaninsu a daidai lokacin da ake kwashe ma'adinan ƙasarsu.

Wanda ya fi kowa taka maka burki shi ne Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin. Ya ce abin da ke cikinka nazarin al'ada ne aka sa masa rigar falsafa. Ina mai ra'ayin? Wa ya faɗa, wa ya musa masa? Yaya za a ce miliyoyin mutane sun yi tarayya a tunani ɗaya, babu mai saɓani? A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Ba a cewa falsafar Jamusawa ita ce karin maganarsu, ana cewa Kant ya ce, Hegel ya saɓa masa. Don me mu kaɗai za a haɗa mu a buhu ɗaya a ɗaure baki?

Kada ka ɗauka wannan ciwo a Kwango ya tsaya. Mu ma muna da irinka. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya yi nazari a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya jero halaye irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya, hankali da mutunci. Aiki ne mai amfani, kuma duk Bahaushe zai ga kansa a ciki. To amma tunani yana farawa ne daga inda jerin ya ƙare. Idan kunya ta hana yaro faɗa wa kawunsa gaskiya a kan gonar gado, wanne ne kirki, shirun ko maganar? Na ji dattawa biyu a zaure ɗaya sun raba gari a kan irin wannan, kowa da hujjarsa, har aka kira sallah ba su daidaita ba. Wannan saɓanin nake so a rubuta, da sunan kowa. Abin da Henry Odera Oruka ya yi ke nan a Kenya: ya shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, ya nemi dattawan da ke iya sukar al'adarsu da hujja, ya rubuta ra'ayinsu da sunayensu.

Ga kuma abin da kai da masu sukarka na farko kuka tsallake. Kun yi ta muhawara ko tunanin da ba a rubuta ba ya isa a kira shi falsafa, kamar dai alƙalami da jirgin Turawa ya iso. Alhali a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilimin manɗiƙi a rubuce bayan Suyuɗi na Masar ya haramta shi. Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan hikima, samuwa da ilimi yana zaune a Salame. Waɗannan suna da suna, suna da takarda, suna da abokan jayayya, wato duk sharaɗin da Hountondji ya gindaya sun cika shi. Laifinsu ɗaya, ba su yi rubutu da Faransanci ko Ingilishi ba. Sai daga baya masana irin su Souleymane Bachir Diagne da Ousmane Kane suka dage a shigo da su cikin zancen.

Kwasi Wiredu na Ghana ya ba da shawarar da na riƙe: duk matsalar falsafa da ka koya da harshen Turawa, maido ta harshenka ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Shi ya gwada da Akan. Ni kuma idan na gwada da Hausa sai in tarar kalmar hankali ta haɗa basira, natsuwa da ladabi wuri guda, ta yadda mai kaifin ƙwaƙwalwa maras tarbiyya ba ya samun sunan mai hankali. Ko wannan ruɗani ne a harshenmu, ko kuwa wata gaskiya ce muka kama wadda masu raba ilimi da hali suka saki, tambaya ce da ta cancanci littafi guda, kuma da Hausa ya kamata a rubuta shi.

Ba zan jefar da kai ba, ka yi aikinka. Abin da nake nema a shafukanka shi ne mutanen Luba da suka zauna da Fada Tempels da yamma suna amsa masa tambayoyi. Na tabbata a cikinsu akwai wanda ya girgiza kai ya ce ba haka ba ne. Da ka kawo mana hujjarsa, da ita zan fara karantawa.

Wassalam,
Wani mai karatunka daga ƙasar Hausa