Majalisar Masana Mota Masu Tafiya a Ƙafa

A kowace unguwa akwai benci ɗaya, ko a gaban mai shayi ko a inuwar garejin bakanike, inda ake yanke wa motocin duniya hukunci kullum bayan sallar isha'i. Sharaɗin shiga wannan majalisa ɗaya ne: kada ka mallaki mota. Mai mota ba shi da bakin gardama, tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin lita ya ishe shi. Wanda ɗan adaidaita ya sauke suna rigima a kan canji, shi ne zai faɗa maka abin da Jamusawa suka manta ba su sa wa Marsandi ba.

Shugaban majalisa Baba ne, tsohon direban gwamnati. A wurinsa an fara ƙera mota a 1968, shekarar da Faransawa suka fito da Peugeot 504, an kuma daina ranar da aka harhaɗa ta ƙarshe a Kaduna. Duk abin da ya biyo baya gwangwani ne.

"Yaro, ka taɓa jin Fijo ta kwana a daji?" in ji shi. "Kafireta ta toshe, ka kwance ka hura da baki. Tanki ya tsage, ka liƙe da sabulu. Fanbel ya tsinke, ka ɗaura igiya, sai Maiduguri!"

Abin mamaki, motar da ba ta lalacewa, duk tarihinta na gyara ne a gefen hanya.

Amma a ba Baba gaskiyarsa. Motar ta ci kambin motar shekara a Turai a 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri ta soma aiki. A mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. A tasha kuwa, doguwar nan mai layin kujeru uku ta sha ɗaukar mutum biyu a gaba, buhunan masara a but, akuya a bisa, ba ta ce uffan ba.

Jagoran 'yan adawa matashi ne mai waya a hannu. Ya san ƙarfin injin kowace Ferrari, ya san daƙiƙa nawa Tesla ke yi ta kai gudun kilomita ɗari, alhali abin da ya taɓa tuƙawa a duniya babur ɗin yayansa ne, shi ma aro.

"Baba, ku yi haƙuri, motarku fa ko jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo ba ta da ita."

"Mu a zamaninmu," in ji Baba, "in Fijo ta daki bango, bangon ake yi wa jaje."

Yaron ya yi ta bayani cewa da gangan ake ƙera gaban motar zamani ya lotse, don ƙarfe ya shanye dukan maimakon ƙirjin direba. Gaskiya ya faɗa, sai dai a majalisa furfura ta fi hujja nauyi.

Wuri ɗaya ɓangarorin biyu ke haɗuwa, wato motar 'yan sanda. Baba ya tuno zamanin Land Rover, yaro ya nuno hoton Lamborghini ta 'yan sandan Dubai, sannan a taru a kan Hilux ɗinmu. Kowa ya san tarihin rayuwarta. Ranar farko a jera su a gidan gwamnati, a ɗaura ƙyalle, a miƙa makulli, a ɗauki hoto. Shekara na zagayowa ta koma mai ido ɗaya, ƙofa ɗaure da waya, bencin baya na rawa, in za a tashe ta sai kurata sun sauka sun tura. Jiniya ce kaɗai ba ta taɓa zuwa wurin bakanike. A yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma bari motar ta tsaya sayen shayi, nan take masana su zama ɗalibai: "Ranka ya daɗe, sannu da aiki! Oga, a ƙara madara?"

Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa, rabon babur ɗinsa da sabon baƙin mai tun babbar sallar bara. Halin duk ɗaya ne daga ofis har gida: muna son sayen sabo, muna ƙyashin kuɗin kula da shi. Ba a gayyatar 'yan jarida bikin juyen baƙin mai.

Idan dare ya soma nisa sai a buɗe zaman makokin masana'antu. A lissafo Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, manyan motocin Fiat a Kano, na Marsandi a Inugu. A zagi tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira, har kayan haɗin da ake shigowa da su daga waje suka gagari saye. A zagi wutar lantarki, a zagi kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da har yau ba a gama ba. Duk gaskiya ne. Mutum ɗaya ne ba a taɓa ambata a cikin masu laifi ba: mai saye.

Bari Allah ya buɗa wa babban mai kishin ƙasar nan na majalisa. Washegari yana wurin dillalin Beljiyam, ana rantse masa cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta hau motar, ita ma coci kawai take zuwa. Ka ce masa ga Innoson ana yi a Nnewi, ga Peugeot an sake soma harhaɗawa a Kaduna, sai ya yamutsa fuska: "Ai ba ta da kasuwa in an tashi sayarwa." Motar da bai saya ba, har ya fara jimamin ranar rabuwa da ita.

Shi ma Baba an taɓa gwada shi. Wani maƙwabci yana da tsohuwar 504 a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a kujerar baya, ya ce a ba da ko nawa ne. Baba ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa bonet, ya yi mata kirari, sannan ya tuna yana da ɗaurin aure. A Turai irin wannan mota gogewa ake yi a adana a kai ta baje koli. Tamu 'yan gwangwan suka auna a kan sikeli.

Don haka, 'yan majalisa, gardama halal ce, shayi ma a ci gaba da sha. Amma masana'anta ba ta rayuwa da kirari, da ciniki take rayuwa, mota kuma ba ta tsufa da mutunci sai da kulawa. Kafin ka gyara wa injiniyan Japan kuskurensa a daren yau, Malam, leƙa ka duba baƙin man babur ɗinka.